Hamadar Amurka a Bazara: Lambar da Ake Mantawa da Ita Kafin a Tada Mota

[Hoto: mota a kan miƙaƙƙen titi, jajayen duwatsu hagu da dama]

Assalamu alaikum jama'a. Hutun makaranta ya zo a Amurka, kuma tun watan Mayu 'yan'uwanmu na Bronx da Houston da Maryland ke turo mini tambaya iri ɗaya: za mu kwashi yara su ga hamada, ga taswirar da muka zana, ta yi? Na duba da yawa. An jera wurare bisa kusancinsu da juna, an ƙirga awannin tuƙi, an ƙirga kuɗin mai da na otal. Lamba ɗaya ce ban gani a ko ɗaya ba, wato tsayin wurin daga doron teku. Ita ce dalilin wannan bidiyo.

Bari mu sallami ƙananan abubuwa da sauri.

Akasari Las Vegas ake sauka a ɗauki hayar mota. Daga nan gandun Death Valley tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna ta yamma, gandun Zion kusan awa uku ta arewa maso gabas, na Bryce Canyon awa biyu gaba da Zion. Katin shiga gandayen gwamnatin tarayya na shekara guda, wanda ake kira America the Beautiful, dala 80 ne ga mazaunin ƙasar, kuma yana ɗaukar duk mutanen cikin mota. Amma idan Hajiya ko Baba sun zo ziyara daga gida, ku lura: daga Janairun 2026 katin wanda ba mazauni ba dala 250 ne, kuma a Zion da Bryce da Grand Canyon baƙon da ba shi da katin yana biyan ƙarin dala 100 idan ya kai shekara 16. Yaron da ke aji huɗu na firamare a Amurka kuma yana da katin kyauta. Wurin kwana a kama shi tun da wuri. Taya, safaya, ruwan lagireto, a duba kafin a bar gari. Shi ke nan, mu je ga magana.

[Hoto: taswira tana juyewa a gefe, tuddai da kwaruruka suna fitowa]

Ku dubi yadda ƙasar take idan aka kalle ta daga gefe. Wanda ya taɓa tasowa daga Kano a watan Afrilu ya hau Jos ya san abin da nake nufi: rana ɗaya, ƙasa ɗaya, amma da ka fara hawan tudu sai ka ji iska ta canza. Jos tana kusan mita 1,200 ne kawai. Duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da digiri shida zuwa goma, kuma a busasshiyar iskar hamada ya fi karkata ga goman.

To ga inda za ku je. Badwater, a cikin Death Valley, mita 86 ne ƙasa da doron teku, babu inda ya kai shi zurfi a duk Arewacin Amurka. Ƙofar Zion kusan mita 1,200. Bakin katafaren kwazazzabon Grand Canyon na kudu kusan 2,100. Bryce daga 2,400 har 2,700 da ɗoriya. A watan Yuli, rana a Furnace Creek cikin Death Valley takan kai digiri 47, Zion 38, bakin Grand Canyon 29, Bryce kuwa 27, da dare ma sai an nemi rigar sanyi. Dukkansu sunansu hamada a taswira. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai digiri ashirin.

Wayoyinku a can da Farenhait suke magana, don haka ku riƙe lambobi biyu: 100 shi ne 38 ɗinmu, 120 shi ne 49.

[Hoto: farin gishirin Badwater, kyamara ta ɗaga zuwa allon da ke jikin dutse]

Wancan ƙaramin allon can sama a jikin dutse, shi ne daidai inda teku yake. Ku kuna ƙarƙashinsa. Kwarin dogo ne, siriri, duwatsu sun kewaye shi. Ƙasa ta gasa iska, iskar ta tashi, ta kasa tsallake duwatsun, ta sake gangarowa, kuma tana gangarowa tana matsuwa tana ƙara zafi. Kamar tanda ce da aka rufe bakinta. A Furnace Creek, cikin wannan kwarin, aka auna digiri 56.7 ranar 10 ga Yulin 1913, aka sake ganin 54.4 a 2020 da 2021. Dare ba ya kawo sauƙi sosai, sau da yawa ba ya sauka ƙasa da 32.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini: Malam, ai mu 'yan Sakkwato ne, wane zafi za a nuna mana? Wani ya ce shi a Agadas aka yanke masa cibiya. Na yarda, kun san rana. Amma ku tuna me Basakkwace yake yi da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Yana ƙarƙashin rumfa, randa na kusa da shi. Ba ya ɗaukar 'ya'yansa ya ce mu je mu hau dutse mu ɗauki hoto. Wannan ilimin ne nake so ku tafi da shi. Sannan jiki yana mantuwa: sabon da ya yi da zafi yakan gushe cikin 'yan makonni, ku kuma kun shekara goma tsakanin iyakwandishan na gida da na ofis. Yaran da aka haifa a can ba su taɓa yin wannan sabon ba ma.

Akwai kuma yaudarar busasshiyar iska. Gumi yana bushewa kafin ka gan shi, riga ba ta jiƙewa, sai mutum ya ɗauka lafiya lau yake alhali ruwan jikinsa yana tafiya. Yaro kuma ba zai ce ƙishirwa yake ji ba, sai dai ya yi shiru, ko ya fara rigima, ko ya ce kansa na ciwo.

[Hoto: bakin Grand Canyon da safe, mutane na sauka a kan siririyar hanya]

Nan ne kuskuren ya fi muni, don haka zan ɗan daɗe.

A Grand Canyon komai a juye yake. Dutsen da muka sani, hawa ake fara yi, in an gaji a juyo a gangaro cikin sauƙi. A nan daga sama ake farawa. Kun fito daga otal, iska mai daɗi, itatuwa, waya ta nuna digiri 20 ɗinmu. Wayar ba ta yi ƙarya ba, amma zafin bakin kwazazzabon take faɗa. Kogin Kolorado yana can ƙasa, kusan mita 750 daga doron teku, inda ranar Yuli takan wuce 41 a inuwa. Duk takun da kuka yi ƙasa, cikin zafi kuke shiga. Gangara tana da daɗi, yara na gudu a gaba, kowa na dariya. Sai an juyo a tarar rana ta take, ruwa ya yi rabi, kuma hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Awa ɗaya ƙasa, awa biyu sama, da yaro a wuya.

Jami'an gandun suna cewa a bazara kada a yi tafiyar ƙafa a cikin kwazazzabon tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, kuma kada kowa ya yi niyyar zuwa kogi ya dawo a rana ɗaya. Hanyar South Kaibab babu ruwan sha a kanta, inuwa kaɗan ce. Idan kuna son yara su ɗanɗana, ku sauka zuwa Ooh Aah Point, kusan kilomita uku zuwa da dawowa, ku juyo. Hanyar Bright Angel tana da wuraren hutawa masu famfo, amma bututun yakan fashe, sai ku tambaya a ofishin baƙi ranar da za ku shiga. Ni dai shawarata ga mai 'yan ƙanana: ku tsaya a sama, ku bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kwazazzabon. Abin da ido zai gani daga nan ya isa a yi tasbihi.

[Hoto: agogo, alfijir na ketowa bayan duwatsu]

Yaya za a jera rana ke nan? Wuri mai zurfi da asuba, wuri mai tsayi da rana. Mu an riga an ba mu agogon. Ku idar da sallar asuba ku tada mota, ku isa Badwater da hudowar rana, ƙarfe takwas kuna cikin mota. A Death Valley ba a son kowa a ƙasa da ƙafa bayan ƙarfe 10. Daga nan ku hau Dante's View, mita 1,669, ku leƙo inda kuka tsaya ɗazu, ku ji yadda iskar ta bambanta a fatarku. Wajen awa ɗaya ne a mota. Yara za su fahimci darasin nan fiye da duk abin da na faɗa.

Kuma kada kowa ya taka yashi da silifa. A Yulin 2024 wani baƙo ɗan Beljiyam ya rasa silifansa a tuddan yashin Mesquite, tafin ƙafarsa ya ƙone har sai da aka kai shi asibiti a Las Vegas. A watan ne kuma wani mai babur ya rasu kusa da Badwater, jirgi mai saukar ungulu bai iya zuwa ba, domin idan zafi ya wuce digiri 49 iska tana yin shara-shara, jirgin ba ya samun abin da zai dogara a kai ya tashi lafiya. Ina faɗin wannan ne don ku san cewa taimako yana da nisa, sabis ɗin waya kuma babu shi a mafi yawan wurin. Ku sauke taswira tun kuna gari.

In da ni ne da jariri, ko da dattijuwa mai hawan jini, zan ajiye Death Valley da gandun hamada na Joshua Tree sai hutun Disamba. Zan yi Zion kwana biyu, Bryce kwana biyu, Grand Canyon kwana biyu, in koma Las Vegas.

[Hoto: bayan mota a buɗe, ana jera jarkoki]

Ruwa: lita huɗu ga kowane mutum a rana, mafi ƙaranci ke nan. Ku biyar, lita ashirin, kusan jarka guda, ban da na alwala, ban da ajiyar ko-ta-kwana idan mota ta tsaya. A haɗa da abu mai gishiri, gyaɗa ko biskit, domin ruwa zalla ba tare da ci ba yana wanke gishirin jiki, shi ma ciwo ne. Wanda ya fara jiri ko amai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kaya. Wanda ya fara sambatu ko ya ruɗe, a kira 911 nan take. Mota ta lalace, a zauna kusa da ita, kada a ce za a taka a nemo taimako. Yaro kuma ba a barinsa a mota a kashe, ko na minti ɗaya.

[Hoto: mutane na tafiya cikin ruwa tsakanin dogayen bangayen dutse]

Wannan The Narrows ne a Zion, kuma shi yara za su fi so: ruwa mai sanyi, inuwa, ana tafiya cikin kogi. A bazara ba a shiga babban kwarin da motar gida, bas ɗin gandu ake hawa, layi kuma yana tsawo bayan ƙarfe takwas. Daga Yuli zuwa Satumba yankin yana da tasa 'yar daminar. Duk wanda ya girma kusa da rafi ya san yadda yake kawowa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, ruwan can nesa aka yi. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu haka a wani matsatsin kwazazzabo na Zion. Kowace safiya ana kafa hasashen ambaliya a ofishin baƙi. Ku karanta, in ya ce akwai haɗari ku fasa. Kuna ciki kuka ga ruwa ya fara gurɓacewa yana ɗauko ƙirare, ku nemi tudu.

A Bryce, hadarin la'asar yana zuwa da tsawa, kuna kuma kan ƙololuwa. Kun ji cida, ku koma mota.

[Hoto: rana na fitowa a kan ginshiƙan dutsen Bryce]

Abu na ƙarshe, saboda masu saita ƙararrawar asuba. Jihar Yuta, inda Zion da Bryce suke, tana gaban Nebada, jihar Las Vegas, da awa ɗaya. Arizona, inda Grand Canyon yake, ba ta canza agogo a bazara, don haka lokacinta ɗaya da Las Vegas, amma ƙasar ƙabilar Nabaho da ke cikinta tana canzawa, waya kuma takan rikice a tsakani. Ku tambayi mai otal ƙarfe nawa ne kafin ku kwanta. Ku kuma fito wa yara da rigunan sanyi tun da dare, domin a nan Bryce, wannan hasken da kuke gani, a digiri goma ake tsayawa kallonsa.