Faifan Baba a bakin ƙwaryar fura

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a tsakar gidanmu nake, a Birni, cikin Damagaram. Yau kwanana 4 da saukowa daga Liyon ta ƙasar Faransa. Niyyata bidiyon farko ya zama na Kasuwar Dole da kilishi, amma abin da na tarar ranar da na iso ya tsaya mini a rai, dole in fara da shi.

Na shigo gida, aka gaisa, aka kawo fura. Ina kai hannu zan buɗe ƙwarya sai gabana ya faɗi. Murfin baƙi ne mai sheƙi, da jar takarda a tsakiya. Faifan garmahon Baba, Allah ya jiƙansa! Na ce wa 'yar ƙanwata, "Ke, wa ya ce ki rufe fura da wannan?" Ta ce, "Kawu, ai faifai ne." Ban ga laifinta ba, shekarunta 9, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin abin nan ya yi magana ba. Amma wallahi sai da na fita zaure na zauna kafin zuciyata ta kwanta. Mutumin nan albashinsa yake tsakura ya sayo su, ɗaya bayan ɗaya, wasu daga Kano, wasu daga Yamai, kuma ko mu 'ya'yansa ba ma taɓawa sai mun wanke hannu.

Bara ne ƙanena ya aiko mini da saƙon murya, ya ce, "Yaya, faya-fayan nan fa sun mutu. Mun haɗa garmahon da amfilifayar da muke biki da ita, sautin kamar sauro a cikin gwangwani." Daga jin haka na gane inda matsalar take. Tsohuwar amfilifayar Baba, wadda ta ƙone tun muna lakwal, tana da wata ƙofa a baya da aka rubuta Phono. Waɗannan na yanzu da suka cika kasuwa sai USB da Bluetooth da AUX, babu wannan ƙofar. Ita kuwa allura, ɗan abin da take fitarwa bai wuce milivolt 5 ba, sai an ninka shi kamar sau 100 kafin amfilifaya ta san ana yi. Ba nan kaɗai ba. Lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti, don in an bar shi yadda yake, hanyar da allura ke bi za ta yi faɗi ta cinye wuri. Siririn sauti kuma a ƙara shi, don ya fi ƙarfin shuuu ɗin roba. Tun 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka tsaya a kan ma'auni ɗaya, shi ake kira RIAA. To wajen saurare sai an juya lissafin: a ɗaga kauri, a sauke siriri. In babu abin da zai yi wannan aiki, ganga ta ɓace, sauro ya rage. Shi ne abin da ƙanena ya ji.

A Liyon na shiga wani kanti na tambayi ɗan akwatin da ke wannan aiki. Mutumin ya ɗauko wani, bai fi tafin hannuna ba, ya ce yuro 300. Kusan jika 200 ke nan fa! Na yi masa godiya na fito. Ni da nake aikin wayoyin lantarki shekara 11 a ƙasarsu, a ce in ba da kuɗin buhunan hatsin gida na watanni a kan wannan? Na sayi kayan haɗi da kaina, gaba ɗaya yuro 35, jika 23 ke nan, har da dalma.

Bari in matso da shi ku gani. Gwangwanin biskit ne, kar ku raina shi, ƙarfen jikinsa ke tare hayaniyar da ke yawo a iska. Wannan baƙin mai ƙafa 8, kamar kaska, shi ne zuciyar abin, NE5532. Tsohon yayi ne, tun wajen 1979 ake yin sa, kuma har gobe yana cikin kayan ɗakunan ɗaukar sauti. Masu ƙara ƙarfin sauti biyu ne a cikinsa, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Ban liƙa shi kai tsaye ba, na yi masa ɗan gurbi yadda zan iya zare shi in sa wani. A bakin shiga akwai rezistans na kilo-om 47, abin da irin wannan kan allura mai maganaɗisu ke so ke nan, da ɗan kondansate na fikofarad 100. Waɗannan kuma da ke jere su ne ke juya lissafin da na gaya muku, a wurare 3: hez 50, hez 500, da hez 2122 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti).

A nan na sha wahala. Karon farko da 'yan kondansaten yumɓu masu araha na haɗa, irin masu kama da ƙwayar wake. Aiki ya yi, amma hagu da dama ba su daidaita ba, mawaƙi ya karkace gefe ɗaya kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba. In na ƙwanƙwasa gwangwanin da farce har a lasifika nake ji. Na cire su duka, na sayo na roba, polifirofilen, guda 20, na zauna da mita ina aunawa ɗaya-ɗaya har na samu masu kai ɗaya na haɗa su biyu-biyu. Daren sanyi ne na Janairu, ƙarfe 5 na yamma gari ya yi duhu, ni kaɗai a ɗaki da hayaƙin dalma. Ba ni ma da faifan Hausa ko ɗaya da zan gwada, sai wani na kiɗan Turawa da na saya yuro 2 a kasuwar gwanjo. Ina aunawa ina tuna ɗakin Baba da daren Juma'a, an shimfiɗa tabarma, shayi na kan gawayi. Ku da kuke gida ba za ku gane ba. Can akwai wuta dare da rana, akwai ruwa a famfo, amma sai ka yi mako ba wanda ya yi maka sallama a ƙofa.

Masu wannan sana'a a can suna ta cika baki a kan sauya baƙin nan mai ƙafa 8. Na sayi wani irinsa mai suna OPA2134, ya ninka wancan kuɗi sau da yawa, na sa, na saurara, na cire, na mayar da tsohon. Ni dai kunnena bai ji abin da ya kai kuɗin ba. Wanda ya sauya sauti da gaske shi ne wutar da nake ba shi. Da farko da irin cajar nan marar nauyi na haɗa, sai zzzz a bayan waƙa. Na jefar, na sa batir 2 masu volt 9. Tsit! Kuma in batir ɗin na kirki ne yana kai awa 50. Ashe ma Damagaram na yi wa tanadi ban sani ba.

Shekaranjiya muka haɗa. Na zo da sabuwar allura da sabon bel, don tsohon ya narke ya zama kamar ƙaro. Ina kunnawa sai buuuu, gida ya ɗauka. Ƙanena ya dube ni, na san abin da ke ransa. Na leƙa bayan garmaho: siririyar wayar nan ta uku, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, ɓera ya gama da ita. Na ƙulla wata, na ɗaure a ƙusar gwangwanin, ƙugi ya tafi. Saura ɗan zizara, shi kuma na gano daga inbatar sola ne da ke kusa, muka matsar da tebur zuwa ɗaya bangon. Don Allah in kun ji wannan ƙugin kar ku ce kan allura ya lalace ku jefar, ku fara duba wayar nan.

Sai kuma wata sabuwa. Zafin garin nan ya lanƙwasa wasu faya-fayan, musamman wanda ya sha rufe fura. In yana juyawa sai ka ga takardar lasifika tana shiga tana fita kamar ƙirjin wanda ya yi gudu, ba sauti, sai wahala. Jiya na hau kabu-kabu na tafi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da Kasuwar Dole. An ɗauke wuta, ya ɗora ƙarfensa a garwashi. Na ce, "Baba, so nake a datse duk abin da ke ƙasa da hez 20." Ya juya allon, ya bi layukan da ɗan yatsa, ya ce, "A bakin fita za ka rage kondansaten nan, ɗana." Daidai inda na yi niyya! Ya zaro biyu daga wata matacciyar rediyo, muka auna, ya liƙa, liƙin ya fi nawa tsabta. Jika 1 ya ce, na ba shi 3. A Liyon kafin a kwance maka ƙusa ɗaya an caje ka abin da ya fi kuɗin gwangwanin gaba ɗaya. Ina faɗa da babbar murya, masu gyaranmu kayan aiki kawai suka rasa. Daga can ma na biya wajen dukawa, za su yi masa riga ta jar fata, ku jira ku ga yadda zai fito.

'Yan'uwa na Amurka, kar ku ɗauko garmaho daga can ku turo gida ba ku duba ba. Wutarsu volt 120 ce, hez 60, tamu 220 ce, hez 50, kusan irin ta Faransa. Ko kun sa taransifoma, in motar da ke juya faifan mai bin bugun wuta ce, waƙa za ta riƙa jan ƙafa. Sannan na tarar da wasu faya-fayai masu nauyi guda 6 a ƙasan adaka, na kakanmu, masu juyi 78 a minti. Waɗannan ba roba ba ne, suna fashewa kamar tangaran, allurarsu daban ce mai kauri, kuma in ka goge su da alkol sun tashi aiki. Na hana kowa taɓawa. Sauran kuma a tsaye za a jera su, a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da kwano.

Bayan isha'i na wanke na furar da ruwan sanyi da ɗigon sabulu, na bar shi ya bushe a inuwar ɗaki, na ɗora. Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta ma kula da mu ba. Allura ta sauka, ɗan ƙas-ƙas, sai kalangu ya shigo da kaurinsa, har ƙwaryar da ke kan tebur tana rawa. Na ga yatsunta sun tsaya a kan carbin. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Wannan ya sa ranar sunanka." Da ya kai ƙarshe ta ce, "Mayar." Sau 4 muka mayar. 'Yar ƙanwata tana tsugune gaban garmaho, tana leƙen ƙarƙashinsa tana neman inda mutumin ya ɓuya.

Da safe na ce, "Inna, zan tafi da guda 5 Liyon, in riƙa ji." Ta ce faifai ko ɗaya ba zai bar gidan nan ba, gwangwanin ma a nan zai zauna. To shi ke nan. Na koya wa ƙanena yadda ake sauya batir da yadda ake ɗaga allura, yau da dare za mu haɗa da kwamfuta in kwashe abin da zan iya kafin ranar tafiya. Guda 43 ne, mun gwada 7. Ga Inna can tana kira, wai a zo a sa mata na jiya.