Sinadarin da ke mayar da fara ɗaya farin dango

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Gombe, musamman manoman Dukku, Nafada da Bajoga, ina yi muku magana ne daga wani ɗakin binciken ƙwari a nan Ingila. Ku dubi wannan farar da ke cikin akwatin gilashi, yadda ta lafe a kusurwa, da zarar ta hango 'yar'uwarta kuma sai ta kauce. Jinsinta ɗaya da farin dangon da ke rufe rana, su cinye gero tun bai nuna ba.

Ƙwaro ba shi da laka a gadon baya irin tamu. Jijiyarsa ta bi ta ƙasan jiki ne, tana da ƙulle-ƙulle, kuma waɗanda ke ƙirji su ke sarrafa ƙafafu da fukafukai. Idan ciyawar hamada ta fara bushewa bayan damina, fari sukan taru a kan ɗan tsanwan da ya rage, suna gogar juna a cinyoyin baya, to wannan gogayyar ce ke aika saƙo zuwa ƙirjin.

A shekarar 2009, masana daga jami'o'in Kambrij, Oksifod da Sidni suka nuna cewa cikin kimanin sa'o'i 2 na cunkoso, sinadarin sirotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, da ke waɗannan ƙulle-ƙullen yakan ninka kusan sau 3, sai farar da ke gudun 'yan'uwanta ta koma neman su. Ko da ɗan buroshi aka riƙa shafa mata cinya, kamar yadda kuke gani ina yi yanzu, haka za ta sauya. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne, da suka toshe aikin sinadarin, cunkoson bai sauya halinta ba, da suka yi mata allurarsa kuwa, ta sauya alhali tana zaune ita kaɗai. Sauyin launi yakan biyo baya ne a hankali.

Kada dai a ɗauka an samu maganin feshi, domin sirotonin ɗin nan yana jikin dabbobinmu, yana jikinmu, kuma aikinsa a farkon sauyin ne kawai. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ƙiyasta cewa dangon da ya rufe murabba'in kilomita 1 yana cin abincin mutum 35,000 a yini, kuma Kenya ta ɗanɗana hakan a 2020. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa wajen sa ido a wuraren da farin ke ƙyanƙyasa a Nijar, Mali da Chadi ya shafi gonakinmu kai tsaye.