Darasin Agogo: Yadda Rolex Ya Toshe Ƙofar Ƙura da Ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau teburin nawa ya yi baƙo mai tsada. Wani bawan Allah ne ya kawo Rolex ɗinsa a duba masa, na roƙe shi aron kwana ɗaya don mu yi darasi a kansa. Ɗan'uwa, matso da kyamarar nan kusa. Yauwa, nan ya isa.

Kun ga ɗan kan nan na gefe, wanda ake murzawa a wana agogo ko a gyara lokaci? Ku riƙe shi a rai, don a kansa labarin yake.

Wanda ya kafa kamfanin Bajamushe ne, Hans Wilsdorf, an haife shi a 1881. A Landan ya fara a 1905 tare da surukinsa Alfred Davis, suna sayo injin agogo daga Suwizalan suna haɗawa. Sunan Rolex sai a 1908 ya yi masa rajista, a 1919 kuma ya koma Jeniba ta Suwizalan saboda nauyin haraji a Ingila bayan yaƙin duniya na ɗaya. A zamanin, namiji agogon aljihu yake riƙewa. Na hannu kayan adon mata ake ɗaukarsa, kuma ba a yarda yana faɗin gaskiya ba. Ana da hujja kuwa: hannu yana shan gumi, ƙura, ruwa da bugu. Mu da muke gyara mun san aikin ƙura. Bayan hunturu ka buɗe agogo, sai ka tarar man da ke ciki ya haɗu da ƙura ya koma kamar tsohon kunu.

To ta ina ƙurar ke shiga? Ƙofa uku ce: gilashi, murfin baya, da ramin kan nan. A 1926 suka fitar da gidan agogo da suka kira Oyster, wato kawa, wadda in ta rufe bakinta ruwa ba ya samun hanya. Duk ukun ɗaure su ake yi kamar noti. Ku kalla. Na ja kan, ya ƙi fitowa. Sai na murza shi baya, na kwance... kun ji ya ɗan yi tsalle? Yanzu ne zan iya wana shi. In na gama, sai na danna a hankali na murza gaba har ya zauna. Don Allah kada a tilasta masa, zaren notin yana cinyewa. Kuma duk wanda ya manta bai ɗaure ba ya je ya yi alwala, to kada ya zargi kowa.

Wilsdorf ɗan kasuwa ne na gaske. A 1927 wata Baturiya, Mercedes Gleitze, ta shiga iyo a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da Oyster rataye a wuyanta. Sama da awa 10 tana cikin ruwan sanyi. A wannan karon ba ta kai gaci ba, amma agogon ya fito yana aiki. Sai Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata. Dillalai kuma suka riƙa jefa shi cikin kwalabar kifi a tagar shago.

Saura matsala ɗaya. In kullum sai ka kwance kan ka wana, wata rana za ka manta, ko zaren ya gaji. Maganin ya zo a 1931. Ga hoton cikinsa, don ba zan buɗe na mutane ba. Wannan ƙarfen mai kama da rabin wata yana juyawa duk inda hannunka ya karkata, shi ke ɗaure sifirin da ke tafiyar da agogon. Gaskiya ɗaya ce, wani Bature John Harwood ya riga su yin agogon hannu mai wana kansa, sai dai nasa ƙarfen kai da komo yake yi, na Rolex kuwa zagaye yake yi cikakke. A ganina nan ne gwanintarsu take: ba kullum su ke fara abu ba, amma in suka kama sai sun gyara shi.

Sauran duk a kan wannan tubalin aka ɗora. Datejust mai nuna kwanan wata a 1945, Submariner na masu nutso a 1953, GMT-Master mai nuna lokacin ƙasa biyu don matuƙan jirgin saman kamfanin Pan Am na Amurka. A 1960 aka ɗaura wani na gwaji a jikin jirgin ƙarƙashin ruwa Trieste, ya sauka mita 10,916 a ramin Mariana da ke ƙarƙashin tekun Pasifik, ya dawo lafiya. A shekarar Wilsdorf ya rasu, kamfanin ya zauna a hannun gidauniyar da ya kafa, har yau.

Yanzu ku dubi hannun daƙiƙa. Ba ya tsalle ɗaya-ɗaya irin na mai batir, taku takwas yake yi a daƙiƙa, shi ya sa yake kamar yana sulɓi. Amma kar wannan ya ruɗe ku, jabun yanzu ma sun iya. In za ku zuba kuɗi, a kai wa mai gyara ya buɗe ya ga injin. Bari in ɗaure kan nan in mayar wa mai shi kayansa kafin ya kira ni. Sai mun haɗu a darasi na gaba.