Kyautar da Talaka Ya Kasa Zuwa Karɓa: Asibitin Ido na Aravind da Mutanen Ƙauyukansa

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama na masu unguwanni, limamai, shugabannin mata da ma'aikatan lafiya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke zaune daga baya, sannunku da zuwa, in murya ba ta iso muku ku ɗaga hannu a ƙara lasifika. Abokan aikina na asibiti, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan yadda asibiti zai haɗa kai da jama'ar da yake zaune a cikinsu. Na ga in na tsaya kan nasiha, ba wanda bai sha jin ta ba. Gara in kai ku wuri guda inda aka yi abin a aikace, mu duba shi tare. Wurin shi ne birnin Madurai, a jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya.

A nan ne wani likita mai suna Govindappa Venkataswamy ya buɗe asibitin ido a 1976. Sunan yana da nauyi a baki, har mutanensa ma Dokta V suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Ɗan ƙauye ne, an haife shi a 1918. Burinsa ya zama likitan mata masu haihuwa. Yana kusan shekara 30 sai ciwon gaɓoɓi mai tsanani ya kwantar da shi, ya lanƙwashe masa yatsu. Da ya miƙe sai ya koma fannin ido, kuma da waɗannan yatsun ya koya wa kansa riƙe kayan aiki, har ya yi wa mutane aikin ido fiye da 100,000. Da ya cika shekara 58 gwamnati ta sallame shi ya huta, shi kuwa sai ya kama gidan haya ya zuba gado 11. Ƙanwarsa Dokta Natchiar da mijinta Dokta Namperumalsamy suka shigo suka kama masa. Suka sa wa wurin suna Aravind. Yau suna da manyan asibitoci a garuruwa irin su Theni, Tirunelveli, Coimbatore, Pondicherry da Chennai, kuma aikin idon da suke yi a shekara ya haura rabin miliyan.

Tsarin kuɗinsu ba shi da wuyar fahimta. Akwai ɓangaren masu biya, akwai na kyauta ko na ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Majiyyaci ne ke zaɓa da kansa, ba a tambayarsa takardar shaidar talauci. Mai biya yana samun ɗaki mai kyau, amma likitocin da ke aiki nan su ne ke juyawa su yi aiki can. Ribar ɓangaren masu biya ita ke ɗaukar nauyin marasa hali, kuma kusan rabin majiyyatansu ko fiye a wannan sahu suke.

To, a nan nake so mu daɗe.

Babban abin da ke makantar da tsofaffi a ƙauyukan Tamil Nadu shi ne yanar ido, wadda aikin minti kaɗan ke cire ta. Tun farko Dokta V ya san makaho ba zai taso daga ƙauye ya nemo asibiti ba, don haka suke fita da ma'aikata su duba mutane a makarantu da zauren taro. Duk wanda aka ga yanarsa ta nuna, sai a ce masa ya zo Madurai a yi masa aiki kyauta. Aka faɗa, aka koma asibiti, aka shirya gadaje. Waɗanda suka zo ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Ku lura da abin da suka yi a wannan gaɓa, domin shi ya bambanta su. Mu ma'aikatan asibiti muna da wata kalma da muke saurin jefa wa mutane, mu ce jahilci ne ya hana su zuwa. Su ba su ce haka ba. Sun bi mutanen nan gida gida, a farkon shekarun 1980, suna tambayarsu abin da ya tsare su. Sai amsoshi suka fito. Wani ba shi da kuɗin mota. Wata ta ce me za ta ci in ta kwana a birni. Wani ya ce makaho ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ɗan da zai yi masa jagora lebura ne, ranar da bai fita ba gidan ba a ɗora tukunya. Wasu kuma tsoron wuƙa ne kawai, ba su taɓa ganin wanda aka taɓa masa ido ya dawo yana gani ba.

Wannan magana ta taɓa ni, domin na ji ta da kunnena. Akwai wata shekara da muka je duba ido a wani gari, na rubuta wa wani dattijo takarda, na ce, "Baba, ranar Litinin ka zo, ba za ka biya ko kwabo ba." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, na gode. Amma wa zai ja ni?" Ban da amsa a ranar. Na ba shi takarda, na ɗauka na gama nawa, shi kuwa takardar nan ba ta kai shi ko bakin tasha ba.

Mutanen Aravind sun sami amsa, kuma ba su same ta su kaɗai ba. Suka ce kowane fita ƙauye sai an sami mai masauki daga cikin garin. Wani lokaci ƙungiya ce irin Lions ko Rotary, wani lokaci masu kula da wurin ibada, wani lokaci ɗan kasuwa, ko masana'anta, ko makaranta. Mai masaukin nan ba suna kawai yake bayarwa ba, aiki ne a kansa. Shi zai samo wuri, ya share, ya kawo kujeru da ruwa. Shi zai buga takardu, ya sa lasifika a zaga ƙauyuka kwanaki kafin ranar. Shi zai kawo matasa masu rubuta sunaye da masu riƙe hannun tsofaffi. Asibiti kuma ya kawo likitoci da kayan aiki. Duk wanda aka ga yana bukatar aiki, a ranar nan zai hau bas tare da 'yan garinsu, a kai su babban asibiti, a ba su abinci da makwanci, a yi aiki, a mayar da su gida. Bayan 'yan makonni ma'aikata su dawo wurin da aka yi taron su duba idon kowa.

Ku dubi yadda bas ɗin nan guda ya warware matsala uku. Kuɗin mota ya fita. Ɗan jagora ba sai ya bar aikinsa ba, domin tsofaffin suna riƙe da juna. Tsoro ma ya ragu, don wanda ya ga maƙwabcinsa a kujerar gaba zuciyarsa takan kwanta.

Sun kuma gwada hanyoyin jawo hankali iri iri, su ga wacce ta fi aiki. Wadda ta yi fice ita ce a tura mutumin da aka riga aka yi masa aiki, ya shiga gidaje ya zauna da masu yana. Tsohuwar da kowa ya sani jiya ana jan ta da sanda, yau ta shigo da ƙafarta tana kiran kowa da sunansa, wace huɗuba ce ta kai wannan? Gani ya kori ji.

Da a ce mu ne, ina jin nan za mu tsaya mu ce an ci nasara, tunda ga bas na zuwa a cike. Su sai suka sake komawa su ƙidaya waɗanda ba su zo ba. Binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa cikin masu matsalar ido a ƙauyukan da ake zuwa, kashi 7 cikin 100 ne kawai ke halartar taron. Dalili a fili yake. Taro na kwana ɗaya ne, sai bayan watanni a sake. Wanda ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido lokacin girbi ba zai jira taro ba. Mai hawan jinin ido ko mai ciwon sukari kuwa dubawa a kai a kai yake bukata.

Daga 2004 sai suka fara buɗe ƙananan cibiyoyi na dindindin a cikin garuruwan karkara, kowace tana kula da mutum kamar 50,000. Yanzu sun wuce 100. Ɗaki biyu ne ko uku, da na'urar duba ido, da kwamfuta mai intanet. Babu likita zaune a ciki. Ma'aikaciya za ta duba ka, ta haɗa ka da likitan da ke babban asibiti ta kyamara ku yi magana, a rubuta magani ko a yanka maka tabarau nan take. Kuɗin da ake karɓa bai kai na motar zuwa birni ba. Mafi yawan masu zuwa a nan ake gama da su, kaɗan ne ake turawa gaba.

Su wa ke riƙe da waɗannan cibiyoyi? Iyayenmu mata, wannan taku ce. 'Yan mata ne na ƙauyukan yankin, waɗanda suka gama sakandare. Aravind na ɗaukar su ya horar da su shekara biyu, kowace ta ƙware a abu guda: gwajin gani, ko shirya ɗakin tiyata, ko zama da majiyyaci a yi masa bayani har ya gamsu. Su ne fiye da rabin ma'aikatan asibitin. Saboda su ne likita ɗaya ke iya yin aiki wajen 2,000 a shekara, ninkin abin da takwarorinsa ke yi sau da yawa, don yana gama wannan gado ya juya ga na kusa, an riga an shirya masa mutum. Kuma yarinyar tana magana da harshen tsohuwar da ke gabanta, ta san sunan ƙauyensu, wataƙila ma ta san jikarta.

Akwai batun ɗan gilashin da ake dasawa cikin ido bayan an cire yana. A da daga waje ake sayo shi a kan dala 100 ko kusa da haka, don haka talaka sai dai a ba shi tabarau mai kauri. A 1992 suka kafa masana'antarsu, Aurolab, farashi ya faɗo zuwa 'yan daloli kaɗan, har ana fitar da shi ƙasashe sama da 100. Dokta V ya rasu a 2006, aikin bai tsaya ba.

Me ya haɗa mu da wannan? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, mutum sama da miliyan ɗaya ke nan, kuma Arewa ta fi Kudu yawa. Yanar ido ce ta makantar da kashi 43 daga cikinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, ba a asibiti aka taɓa su ba. Masu yawo gari gari suna tura yanar cikin ido da tsinke ne suka yi, kuma da yawa daga idanun nan sun mutu. Ba na zargin tsohon da ya miƙa idonsa. Mai tsinke ya zo har zaurensa, ya yi masa magana da Hausa, ya karɓi akuya ko hatsi. Mu kuwa muna birni muna jiran ya zo.

Ba mu rasa wuraren aiki ba. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga kuma asibitin gidauniyar Tulsi Chanrai da aka buɗe a Abuja a 2019 da haɗin gwiwar Aravind ɗin nan da kansa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne hanyar da ke tsakanin gadon asibiti da tabarmar tsoho.

Ba zan ce muku komai nasu zai zauna a nan daidai ba. Tamil Nadu akwai cunkoson jama'a da tituna da bas a ko'ina, mu kuwa akwai ƙauyen da damina ke yanke shi wata uku. Aikin yanar ido sau ɗaya ake yi a gama, ba kamar haihuwa ko ciwon sukari ba. Amma muna da abin da su sai da suka nema. Mai unguwa ya san kowane gida da ke da makaho. Liman yana da jama'a sau biyar a rana. Ungozoma da wanzami suna shiga inda ma'aikacin asibiti ba ya shiga. A garuruwa da dama har Sarkin Makafi muna da shi, da jama'arsa, kuma ina tambayar abokan aikina, yaushe rabon da mu gayyace shi mu zauna?

Don haka ga roƙona. Ranku ya daɗe, kafin zama na gaba kowane mai unguwa ya sa a rubuto masa sunan duk wanda ba ya iya gane fuska daga bakin ƙofa, a rubuta da sunan wanda ke yi masa jagora da sana'ar da yake yi. Malamai, ku nemo mana mutum ɗaya a kowane masallaci wanda aka yi masa aiki ya warke, ya yarda ya shiga gidaje. 'Yan ƙungiyar direbobi na gan ku, za mu zauna kan maganar mota. Mu kuma na asibiti, duk wanda muka ba takarda bai zo ba, za mu bi shi gida mu ji dalili, kuma za mu karanta muku adadinsu a nan gabanku.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata lasifika. Bismillah, Hajiya, muna jin ki.