Me Ya Sa Sojojin Napoliyon Suke Jeruwa Sahu-Sahu A Gaban Harsashi?

[Hoto: sojoji a jere, hayaƙi na tashi]

Ku kalli wannan. Ɗaruruwan mutane, kafaɗa da kafaɗa, a fili fetal, ga abokan gaba can suna saita su da bindiga. Duk sa'ad da hoton nan ya zagayo, tambaya ɗaya ake yi: wai janar-janar ɗin zamanin ba su da hankali ne? Har wasu masu rubuta ƙagaggun labaran tarihi sun ɗauka a haka, sai ka ga an siffanta janar a matsayin dolo mai gashin baki wanda ran soja bai dame shi ba.

To, a dakata. Amsar tana cikin bindigar da ke hannunsu.

[Hoto: hannu yana ɗura bindiga, a hankali]

Wannan ce bindigar sojan Ingila ta lokacin, wadda suke kira Brown Bess. Ta baki ake ɗura ta. Soja zai ciro ƙunshin takarda mai albarushi da harsashi, ya yaga shi da haƙori, ya zuba kaɗan a wurin ƙyastu, ya juye sauran cikin bututun, ya cusa harsashin, ya zaro sandar ƙarfe ya danna, ya mayar da sandar, sannan ya harba. Gwani yana yin harbi uku a minti ɗaya. Kuma gwada yin wannan aikin kana kwance rub da ciki, da bindigar da ta kusa kai maka kafaɗa, ka ga yadda za a ƙare.

Ga inda aka fi kuskuren fahimta. Cikin bututun nan sumul yake, harsashin kuma dunƙule ne, bai cika ramin ba. In an harba, yana ta karo da bango har ya fita, ya kama gabansa. Da zarar mutum ya wuce mita ɗari, samun sa sai an dace. Mutum ɗaya da wannan bindigar ba abin tsoro ba ne. Amma a jera mutum ɗari biyar su saki wuta lokaci guda, wannan kam ba ya kuskure. Sahun shi ne makamin, bindigar wani ɓangare ce kawai.

Sai hayaƙi. Albarushin zamanin yana fitar da farin hayaƙi mai kauri. Bayan 'yan harbe-harbe, ba ka ganin abin da ke gabanka. Babu rediyo. Umarni da ganga yake zuwa, da begila, da tuta, ko wani matashin hafsa a kan doki, in ya iso da rai. Ka warwatsa mutanenka a wannan yanayi, ka rasa su ke nan. Shi ya sa in na karanta labarin da janar ke tsaye kan tudu yana ganin komai tar kamar a faifai, sai in yi murmushi.

[Hoto: mahaya dawakai a sukuwane]

Na uku, doki. Sojan ƙasa da ya ware shi kaɗai, nama ne ga mahayi mai takobi. Ku duba Waterloo, a Beljiyam ta yau, ranar 18 ga Yuni, 1815. Da la'asar Marshal Ney, babban hafsan Napoliyon sarkin Faransa, ya yi ta tura dubban mahayan Faransa. Dakarun Wellington, kwamandan Ingila, suka dunƙule murabba'i-murabba'i, na gaba a durƙushe da banati a tsaye kamar ƙaya, na baya suna harbi. Doki ba ya yarda ya faɗa kan tsinin ƙarfe. Suka yi ta kewaya, ba su fasa su ba. Shi kuma Wellington, da ya samu tudu, sai ya ɓoye mutanensa a bayansa, ya sa su kwanta don igwa ta wuce ta samansu. Ashe dai sun san amfanin fakewa.

Inda ni ma nake ɗora wa janar-janar laifi shi ne bayan nan. Wajen 1849 wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da harsashi mai faɗaɗa a cikin bututu mai zane, yana fita yana juyi, ya tafi ɗoɗar mita ɗari uku ko fiye. Bindiga ta canza, littafin horo bai canza ba.

[Hoto: filin Gettysburg]

Yaƙin basasar Amurka, 3 ga Yuli, 1863. Janar Lee, na ɓangaren Kudu, ya tura mutum kusan 12,500 su ƙetare wannan filin na Gettysburg, fiye da kilomita ɗaya, a jere. Mataimakinsa Longstreet ya ce ba za ta yiwu ba, bai ji ba. Kusan rabinsu aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama, cikin abin da bai fi sa'a guda ba.

Kada magoya bayan ɗaya ɓangaren su yi dariya. Shekara guda bayan haka Janar Grant, na ɓangaren Arewa, ya maimaita irin wannan a yaƙin Cold Harbor, kuma da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa, da kansa ya ce kullum yana nadamar wannan harin na ƙarshe.