Ka rubuta fankshin amma shiru kake ji? Ga abin da ya faru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a kan fankshin za mu tsaya, wato guntun kod da ake ba suna don a riƙa kiransa ya yi wani aiki, don jiya wani ƙanina ya turo min hoton allon laftof ɗinsa, wai ya rubuta kod a Python, yaren ba kwamfuta umarni, ya kunna shi amma fayau ba abin da ya fito, har ya fara shirin kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a duba masa. Na ce malam kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kai ne ba ka kira fankshin ɗin ba.

Ku ɗauki mai shayin bakin layinku. Ya samu sabon yaro ya zaunar da shi ya koya masa, in an ce kauri ga yawan madara ga sukari ga yadda ake sheƙawa, yaron ya haddace tsaf. To shayi ya haɗu? Ina! Sai wani ya zo ya zauna a benci ya ce a haɗa masa. Koyarwar nan ita ce def, kalmar da ake fara rubuta fankshin da ita a Python, zuwan kwastoma kuma shi ne kira.

To ku kalli allo. Na rubuta def, sai suna kudin_shayi, sai baka biyu na sa kofi a ciki, wato yawan kofunan shayi, sai ruwa biyu. Layin ƙasa na matsa ciki da tazara 4, na ce return kofi sau 200, kuɗin kofi ɗaya kenan. Tazarar nan kar ku yi wasa da ita, da ita Python yake gane wane layi ne na cikin fankshin.

Yanzu ku bi kwamfuta a hankali, daga sama take farawa tana sauka layi bayan layi. Da ta iso def ba ta shiga ciki, sunan kawai take riƙewa ta tsallake ta wuce. Sai ta iso ƙasa inda na rubuta kudin_shayi da 3 a cikin baka biyu, a nan ne za ta koma sama, ta sa 3 a gurbin kofi, ta yi lissafi, ta dawo daidai inda ta tsaya da 600 a hannu ta ci gaba da tafiya.

In ka yi kiran a sama kafin def, jan rubutu za ka gani, NameError, ka yi odar kauri kenan tun ba a koya wa yaron ba. Masu yaren JavaScript za su ce ai mu namu yana yi, eh gaskiya ne, shi yana tattara irin waɗannan fankshin ɗin tun kafin ya fara bin layuka. Ni dai na fi son tsarin Python ga mai koyo, yana tilasta maka ka san me ya riga me.

Sai return da print, nan mutane suka fi ruɗewa wallahi. print kamar yaron ya ɗaga murya ne ya ce kuɗinka 600, kowa ya ji shike nan. return kuwa miƙo maka ya yi a hannu, za ka iya adanawa ko ka haɗa da kuɗin biredi. Ka manta return, abin da zai dawo maka None ne, wato ba komai.

Ku gwada yanzu, ku ƙara biredi kusa da kofi a cikin baka biyun, ku kira fankshin ɗin da lambobi biyu mu ga nawa ya ba ku.