Baffan da ya riƙi maraya a Bon

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da zuwa.

Da yawa daga cikinmu a rediyo muka fara jin sunan Bon, tun muna gida muna kama sashen Hausa na DW. Yau ga mu zaune a cikinta. To, wani baƙo ya riga mu zuwa da fiye da shekara 200, kuma labarinsa nake so mu ɗan duba kafin a shiga batun matasanmu sababbin zuwa.

Sunansa Josef Reicha, mutumin ƙasar Cek, an haife shi a 1752. Sana'arsa kaɗa celo, wani ƙaton goge ne da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, yana kuma tsara kiɗa da kansa. Kar wani ya murtuke fuska, ba kiɗa na zo tallata muku ba. A 1774 ya bar gida ya kama aiki a fadar wani basarake a Wallerstein, kudancin Jamus. Hannunsa ya faɗa har mahaifin shahararren mai tsara kiɗa Mozart, dattijon da yabo ba ya yi masa arha, ya ji shi a Salzburg a 1778 ya yaba. A 1785 aka ɗauko shi nan Bon ya ja ragamar makaɗan fada. Cikin yaran da suka yi kiɗa a ƙarƙashinsa har da Beethoven, wannan da mutum-mutuminsa ke tsaye a tsakiyar gari.

Ni dai ba wannan ne ya kama ni ba. Ɗan'uwan Josef ya rasu a Prag, babban birnin Cek, ya bar jariri, Anton, ko shekara bai cika ba. Yaron ya tashi ba mai kula da karatunsa, da ya kai wajen shekara goma sai ya gudu daga gida. Baffan da matarsa, Bafaransa, Allah bai ba su haihuwa ba. Suka karɓe shi ɗa. Ita ta sa ya iya Faransanci da Jamusanci, shi kuma ya ɗora shi kan goge da sarewa, ya taho da shi Bon ya sama masa gurbi a fada. Ba kullum suke shiri ba: baffan bai so yaron ya shiga tsara kiɗa ba, sai a ɓoye ya koya. Wanda ya taɓa riƙon ɗan wani ya san irin wannan.

Josef ya rasu a nan a 1795. Anton kuwa ya zama malami a babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1818, manyan masu tsara kiɗa irin su Liszt da Berlioz duk sun yi karatu a gabansa.

Malam sakatare zai zagayo da takarda yanzu. Mai ɗakin da ba kowa, ko mai iya raka yaro ofishin baƙi ya yi masa tafinta, ya rubuta sunansa.